TSUTSA A CIKIN RUMBUN LISSAFI: YADDA ZA MU TSARE KWAMFUTAR JAM'IYYA

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu yi magana a kan wani abu da ya shigo ofisoshin jam'iyyunmu na gama kai ba tare da an yi masa shiri sosai ba, watau kwamfuta. Jam'iyyu da dama suna da ita yanzu. Waɗansu a gwanjo suka saya, waɗansu kuwa kyauta aka ba su. A cikinta magatakarda ya ke rubuta sunayen membobi, a cikinta kuma ma'aji ya ke ajiye lissafin adashi, da na rancen taki, da wanda ya biya, da wanda bai biya ba. Babban littafin nan mai baƙin bango da muka saba da shi ya fara shan ƙura a bisa kabad. To, idan lissafin nan ya ɓace rana ɗaya, me zai faru? Wanda ya biya buhu uku zai ce huɗu ya biya, wanda bai biya ba zai yi shiru, ma'aji kuwa, ko da mutumin kirki ne, za a fara yi masa wani irin kallo. Jam'iyya ta kan watse a kan abin da bai kai wannan ba.

Abubuwa da yawa suna iya cinye lissafi: wuta ta kawo da ƙarfi ta ƙone inji, ko ɓarawo ya ɗauke shi, ko ruwa ya yoyo masa. Amma abin da mu ke so mu duba yau shi ne wanda masana su ke kira tsutsar intanet.

Mece Ce Tsutsar Intanet?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, watau wadda ta ke fara tashi in an kunna, ita ce kuma ta ke riƙe da sauran duka, kamar yadda uwargida ta ke riƙe da gida. Wadda yawancinmu mu ke da ita sunanta Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Mutane ne suka rubuta ta, rubutun kuwa yana da tsawo ƙwarai, domin haka ba a rasa kuskure a ciki. Wani kuskuren ya kan zama kafa, kamar tsagewar da ta kan fito a gindin rumbu bayan damina. Tsutsa wata 'yar manhaja ce da wani mugu ya rubuta musamman domin ta bi ta wannan kafa.

A nan ta bambanta da ƙwayar cutar kwamfuta wadda muka fi jin labarinta. Ƙwayar cuta tana jiran mutum ya buɗe wata takarda ko ya latsa wani abu kafin ta kama. Tsutsa ba ta jiran kowa. Kwamfutar da ta kamu ta kan shiga ƙwanƙwasa ƙofofin sauran kwamfutoci ta hanyar intanet, ɗaya bayan ɗaya, ba dare ba rana. Inda ta tarar da kafa a buɗe sai ta zuba kwafin kanta a ciki, sabuwar da ta kamu ita ma ta fara nata ƙwanƙwasawa. Ba ruwanta da ko kai banki ne a birnin Landan ko ƙaramar jam'iyya a bakin dutse, gama ba suna ta ke nema ba, kafa ta ke nema. Wanda ya ga yadda tsutsar masara ta bazu daga gona zuwa gona bayan ta bayyana a Nijeriya a 2016 zai gane abin da mu ke nufi, sai dai wannan ta fi waccan sauri nesa. Ran 25 ga Janairu 2003 wata mai suna Slammer ta kama kwamfutoci wajen 75,000 cikin minti goma kacal.

Faci Ya Kan Riga Tsutsa Zuwa

In kamfani ya gano kafa, ya kan rubuta gyara ya aika wa kowa ta intanet. Wannan gyara shi ne za mu kira faci, gama aikinsa ɗaya ne da na facin tayar keke. Yanzu ku lura da waɗannan kwanaki, domin a cikinsu ne dukan zancen ya ke.

Kafar da Slammer ta bi, an riga an fitar da facinta wata shida kafin ranar. Ran 16 ga Yuli 2003 Microsoft ya fitar da faci domin wata kafa a cikin Windows XP da Windows 2000. Ran 11 ga Agusta, watau bai cika wata guda ba, tsutsar Blaster ta bayyana ta bi ta nan. Waɗanda suka kamu suna cikin aiki sai su ga wani ɗan akwati ya fito yana cewa kwamfuta za ta mutu bayan daƙiƙa 60, ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa. A shekara ta biye, faci ya fito ran 13 ga Afrilu 2004, tsutsar Sasser kuwa ta fito a ƙarshen watan. Ta tsai da aiki a bankuna da kamfanonin jiragen sama, har masu tsaron gaɓar teku na Ingila suka koma ga taswirar takarda da fensir. Wanda ya rubuta ta ba wani babban masani ba ne, wani ɗan makaranta ne mai shekara 17, Sven Jaschan, daga wani ƙauye a arewacin Jamus. Haka kuma Conficker: faci a Oktoba 2008, tsutsa a Nuwamba, ta kama miliyoyin kwamfutoci, ta kuma koyi hawa 'yar sandar nan ta ɗaukar takardu da mu ke kira filash.

Wadda ta fi kusa da abin da mu ke tsoro ita ce WannaCry, ta ran 12 ga Mayu 2017. Waɗancan na baya yawancinsu damu kawai suka yi. Wannan kuwa in ta shiga sai ta kulle dukan takardun da ke ciki, ta rubuta a fuskar kwamfuta cewa a biya kuɗin fansa dala 300 ta hanyar Bitcoin, in an wuce kwana uku kuɗin ya ninka. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. A asibitocin gwamnatin Ingila an soke ganin likita da aikin tiyata wajen 19,000. Kamfanin motoci na Renault ya tsai da aiki a waɗansu masana'antunsa. Wani saurayi ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, shi ya tsai da bazuwarta, da ya gano wani adireshin intanet a cikin rubutunta ya yi rajistarsa da kuɗin da bai fi dala 11 ba. Facin wannan kafa kuwa yana nan tun ran 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin ranar. Yawancin kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin tana samun faci. Masu su ne ba su sa ba.

Ashe ke nan, a dukan waɗannan, maganin ya riga ciwon isowa. Me ya sa ba a sha ba? A manyan ofisoshi tsoro su ke yi kada faci ya ɓata wani aiki. A wurinmu dalilin dabam ne, mun kuwa san shi. Faci yana cin data, data kuwa kuɗi ce, domin haka yaron da ya iya kwamfuta a gari ya kan kashe sabuntawa gaba ɗaya, a yaba masa a ce ya yi tattali. Na biyu, Windows ɗin da ke kan kwamfutocin gwanjo sau da yawa ba ta halal ba ce, kwafi ce da aka fasa makullinta, masu sa ta kuwa su kan rufe hanyar faci domin kada kamfani ya gane. Wani lokaci ma abin da aka fasa makullin da shi yana ɗauke da tasa cutar.

Rumbun Da Magini Ya Daina Yaɓewa

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Kamfani ba ya yi wa kowace Windows faci har abada. Ya daina yi wa Windows XP ran 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 a Janairu 2023, Windows 10 kuma ran 14 ga Oktoba 2025, ko da ya ke ya buɗe wani shiri na ƙarin shekara ɗaya, zuwa Oktoba 2026, domin waɗanda suka yi rajista. Kwamfutar ba za ta mutu ran nan ba. Za ta kunnu, za ta yi aiki kamar jiya, wannan kuwa shi ya ke ruɗin mutane. Amma kusan duk kafar da aka gano daga ranar, a buɗe za ta zauna.

Saboda haka abu na fari da mu ke roƙon kowane kwamiti ya yi shi ne ya tambayi magatakarda, wace Windows ce a kan kwamfutarmu, yaushe kuma ta karɓi faci na ƙarshe? A sa ya nuna, kada a tsaya ga “lafiya lau ta ke.”

In amsar ita ce Windows 11 ta halal, to aikin da sauƙi. A bar sabuntawa a kunne, a sa kuɗin data cikin kasafin wata kamar yadda ake sa kuɗin man janareto. A bar katangar tsaro da ke cikinta a kunne, ita ce ta ke hana baƙo ƙwanƙwasa ƙofa. Tun 2004 kamfanin ya ke kunna ta da kansa, bayan wahalar Blaster da Sasser. Manhajar riga-kafi da ta zo tare da ita, mai suna Defender, ta isa, ba sai an sayi wata ba. Amma Windows 11 ba ta hawa kowace kwamfuta. Tana bukatar wani ɗan guntun tsaro a cikin injin, da ƙwaƙwalwar aiki giga 4, yawancin injunan da aka ƙera kafin wajen 2018 kuwa ba ta yarda da su. Irin waɗannan ne suka cika kasuwar gwanjo, irinsu ne kuma masu ba da kyauta su kan ba mu bayan sun gama moriyarsu.

Wata Babbar Manhaja Dabam

To, ba Windows kaɗai ce babbar manhaja a duniya ba. Akwai Linux, wadda wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, ya kuma bar rubutunta a buɗe domin kowa ya duba, ya gyara, ya raba kyauta. Dubban mutane da kamfanoni ne su ke aikinta tare, kusan kamar aikin gayya. Ba baƙuwa ba ce a gare mu yadda mu ke zato, gama wayoyin Android da ke aljihunmu a kan gindinta aka gina su. Tana zuwa iri iri. Biyu da suka fi dacewa da ƙaramin ofis su ne Ubuntu, wadda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004, da kuma Linux Mint, wadda aka gina a kan Ubuntu, fuskarta kuwa ta yi kama da Windows ɗin da muka saba. Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22, dukansu na 2024, an yi alkawarin facinsu har 2029. Mint tana iya tashi da ƙwaƙwalwa giga 2, ko da ya ke 4 ya fi, akwai kuma irinta mai sauƙin nauyi mai suna Xfce domin tsofaffin injuna.

Me ya sa mu ke cewa ta fi tsaro? Na fari, tsutsar da aka rubuta domin Windows ba ta iya tashi a kanta sam, kamar yadda ƙwaron wake ba ya cin rogo. Na biyu, ba ta barin a taɓa gindinta sai an rubuta kalmar sirri, ko da mai kwamfutar ne. Na uku, manhajojinta daga rumbu ɗaya ake ɗauko su, wanda masu ita su ke dubawa, ba a bin shaguna ana kwaso kwafi, faci kuma ya kan zo wa dukansu tare. Na huɗu, tun da kyauta ce, babu dalilin sata, babu kuma dalilin ɓuya wa faci. Akwai na biyar wanda masu yabonta ba su cika so a faɗa ba: masu amfani da ita a kan tebur kaɗan ne, saboda haka ɓarayi ba su cika ɓata lokacinsu a kanta ba.

Kada kuwa wani ya gaya muku ba ta kamuwa. Tsutsa ta fari da ta girgiza intanet, ta ran 2 ga Nuwamba 1988, wadda wani ɗalibin Jami'ar Cornell mai suna Robert Morris ya saki, Unix ta kama, watau wadda aka kwaikwaya aka yi Linux. A 2016 kuma wata mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan na'urorin rarraba intanet da kyamarori masu Linux a ciki, domin kawai masu su ba su sake kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye: 'yar na'urar intanet da ke ofis, a sake mata kalmar sirri yau. Linux ɗin da ba a yi mata faci, ita ma rumbu ce mai tsagewa.

Manyan hukumomi sun yi wannan ƙaura. Jandarmomin Faransa sun fara mai da dubban kwamfutocinsu zuwa Ubuntu tun wajen 2008. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar ƙaura a 2003, ya yi shekaru yana aikin, sa'an nan a 2017 majalisar birnin ta jefa ƙuri'a a koma Windows. Mun kawo labarin Munik da gangan, domin a san abin ba wasa ba ne. Injin ya kan karɓi sabon abu cikin awa ɗaya, mutane kuwa sai a hankali.

Ga inda ƙaya ta ke. Word da Excel ba sa hawa Linux. A madadinsu akwai LibreOffice, wadda ta ke buɗe takardunsu ta kuma ajiye su a irin tsarinsu. Lissafin rance da jerin sunaye za su buɗe lafiya, amma takarda mai ado da yawa ta kan ɗan karkace. CorelDraw, wadda samarinmu su ke yin katin biki da ita, ba ta hawa. A ganinmu ma wannan riba ce, gama kwamfutar lissafi ba wurin buga katin aure ba ce. In banki ko wata hukuma ta ba ku manhaja ta musamman wadda sai a Windows ta ke aiki, to ku tambaye su tukuna. Abin da ake yi ta shafin intanet kuwa duk ɗaya ne. Injin buga takarda ma a gwada shi. Yawancin na HP suna aiki ba wahala, waɗansu sai an nema musu. Masu rubuta Hausa su sani akwai tsarin madannai na Hausa a ciki, mai ƙ da ɗ da ɓ.

Abin da ya fi daɗi shi ne ana iya gwadawa ba tare da an taɓa kome ba. Wanda ya iya zai sauko da Mint, wajen giga 3, ya sa ta a filash, a tashi kwamfuta daga filash ɗin. Za ku gan ta, ku buɗe takardunku, ku gwada injin bugawa da intanet. In an zare filash sai Windows ta dawo yadda ta ke. Filash guda ya isa jam'iyyu goma, saboda haka jam'iyyun gunduma ɗaya su haɗa kai su saya data sau ɗaya. Amma ran da za a sa ta da gaske, tana iya share dukan abin da ke cikin injin. Tilas a kwafe kome a wuri biyu tukuna, a kuma buɗe kwafin a wata kwamfuta a tabbata yana karantuwa.

Filash Da Littafi

Wata jam'iyya za ta ce, mu ba mu da intanet, ina ruwanmu? In haka ne, kuma ba ku iya ƙaura yanzu, to tsohuwar Windows tana iya ci gaba da aikin lissafi muddin ba a haɗa ta da intanet ko sau ɗaya ba, ko ta wayar wani. Sai dai ku tuna Conficker, wadda ta hau filash. Duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu a kasuwa ya san abin nan: ka dawo gida ka tarar takardunka sun ɓace, sai waɗansu gumaka masu 'yar kibiya a wurinsu. Tsutsa ce. Ta ɓoye takardun, ta ajiye tarko mai kama da su, in ka latsa ta shiga. Sau da yawa takardun suna nan, in aka sa filash ɗin a kwamfuta mai Linux za a gan su sarai a kwashe, gama tarkon ba ya aiki a can. Amma a share filash ɗin kafin ya koma wata Windows, domin Linux ba ta kamuwa da wannan, amma ba ta hana a kai wa maƙwabci. Jam'iyya ta yi filash biyu masu launi dabam: ɗaya na zuwa kasuwa, ɗaya na ajiyar lissafi wanda ba ya fita ko'ina sai gidan shugaba.

Ko Windows ku ke da ita ko Linux, a kwafe lissafi kowane mako, a zare filash ɗin a ajiye. Wanda aka bari a soke a jikin kwamfuta, tsutsa mai kulle takardu za ta kulle shi tare da sauran. Kowane ƙarshen wata kuma a buga lissafin a takarda, shugaba da ma'aji da magatakarda su sa hannu, a liƙa a babban littafin nan mai baƙin bango.

In kuwa wata rana kuka ga rubutu a fuskar kwamfuta ana neman kuɗin fansa, ku zare intanet nan da nan, kada ku soka mata filash na ajiya, kada kuma ku biya. Da yawa daga waɗanda suka biya a 2017 ba a buɗe musu kome ba. A sanar da kwamiti a ranar, a rubuta cikin littafin taro, sa'an nan a nemi wanda zai share injin ya sa sabuwar manhaja, a mai da lissafi daga kwafi.

Game da lokacin ƙaura, kada a yi ta a tsakiyar rabon taki ko lokacin karɓar rance da kaka. A bari sai rani, bayan an rufe lissafin shekara an karanta shi a babban taro. A koya wa mutum biyu, ba ɗaya ba, a cikinsu har da mace daga ɓangaren adashin mata, a kuma ba su wata guda suna yin aikin a sabuwar manhaja suna gwada shi da na littafi kafin ruwan fari ya sauka.